Yadda ake hasashen tsufan kafasita kafin ta kashe na'ura a zafin Zamfara

Da zarar bazara ta kankama a Jihar Zamfara, daga watan Maris zuwa Mayu, masu gyaran kayan lantarki sukan yi ta karɓar kaya masu ciwo kusan iri ɗaya: fankar da ta rage gudu, talabijin da ba ya kamawa sai an yi ta kunnawa ana kashewa, inbatar da ke ɗauke wuta da zarar an jona mata firji, da injin jan ruwa da ke gurnani amma ba ya juyawa.

Masu kayan sukan ɗora laifin a kan wutar NEPA ko janareta, wasu kuma su ce kwanan na'urar ne ya ƙare. Amma sau da yawa idan aka kwance ta, sai a tarar abin da ya gaza wani ɗan ƙaramin sashe ne da ake kira kafasita, wadda wani lokaci ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin na'urar, sai dai idan ta mutu takan tsayar da aikin baki ɗaya, har ta ja wasu sassa masu tsada su ƙone tare da ita.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis su sani shi ne, mutuwar kafasita ba kasafai take zuwa kwatsam ba. Tsufa take yi sannu a hankali bisa wata ƙa'ida sananniya, kuma zafi ne babban mai tafiyar da wannan tsufa. Wanda ya iya karanta lambobin da ke jikinta, ya kuma san zafin wurin da ya ajiye na'urarsa, zai iya ƙiyasta tsawon ranta tun kafin ta ba shi kunya.

Mece ce kafasita?

Kafasita ma'ajiyar wutar lantarki ce ta ɗan lokaci. Takan karɓi wuta cikin ƙiftawar ido, ta riƙe, sannan ta sake ta a daidai lokacin da ake bukata. Tsofaffin masu gyaran rediyo sun fi saninta da sunan kwandansa.

Asalinta yana komawa ga shekarun 1745 da 1746, lokacin da Bajamushe Ewald von Kleist da kuma Pieter van Musschenbroek na birnin Leiden a ƙasar Holan, kowannensu a nasa ɓangaren, suka gano cewa ana iya tara wuta a cikin kwalbar gilashi. Ana auna yawan abin da take iya ɗauka da ma'aunin farad, wanda aka raɗa wa sunan masanin Ingila Michael Faraday. Kafasitocin da ke cikin kayan gida ana rubuta nasu ne da maikurofarad, wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad, kuma alamarsa a jikinsu ita ce µF.

Wutar da ake rarrabawa a Najeriya ƙarfinta a ƙa'ida bolt 230 ne, kuma tana kai-komo gaba da baya sau 50 a kowane sakan. Waya da kwamfuta da talabijin ba sa iya aiki da irin wannan wuta mai kai-komo, sai an miƙar da ita ta riƙa gudana a natse. A nan kafasita take yin aikin da tankin ruwa ke yi a gida: famfo ya kawo da ƙarfi ko ya tsaya, mai buɗe ruwa daga tanki yana samunsa daidai wa daida. A cikin fanka da na'urar sanyaya ɗaki da injin sumo na rijiyar burtsatse kuwa, aikinta daban ne, ita ce ke ba injin turin da zai fara juyawa ya kuma ci gaba da ƙarfinsa.

Iri biyu ne suka fi shafar mai kaya. Akwai mai ruwa, wadda take kama da ɗan gwangwani a tsaye a kan allon na'ura. A cikinta akwai siraran fallayen alminiyam biyu da aka naɗe tare da takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari, aka toshe bakin da roba. Ita ce ake samu a caja da talabijin da dikoda da kwamfuta da inbata. Akwai kuma busasshiya, wadda aka yi da siririyar leda mai shafen ƙarfe, irin wadda ke cikin fankar sama da injin ruwa.

Yadda take tsufa

Duk wanda ya san randa ya san cewa ko an rufe bakinta, ruwan cikinta yana raguwa a hankali, kuma ya fi saurin raguwa a bazara. Haka abin yake ga kafasita mai ruwa. Ruwan sinadarin yana sulalewa ta jikin robar da aka toshe ta da ita, kaɗan-kaɗan, yau da gobe. Yayin da yake raguwa, abubuwa biyu ke faruwa: yawan wutar da take iya riƙewa yana ƙasa, sannan turjiyar da take yi wa wutar da ke ratsa ta tana ƙaruwa. Wannan turjiya ta ciki ita ce injiniyoyi ke taƙaita sunanta da haruffa uku, ESR.

Haɗarin yana cikin yadda abubuwan ke ciyar da juna. Idan turjiya ta ƙaru, kafasitar takan ƙara zafi da kanta. Ƙarin zafin ya ƙara busar da ruwan, bushewar ta ƙara turjiya. Shi ya sa na'ura kan yi shekaru lafiya ƙalau, sannan cikin 'yan makonni ta rikice. A ƙa'idar yawancin masu ƙera ta, ana ɗaukar kafasita mai ruwa ta gama aiki idan abin da take riƙewa ya ragu da kashi 20 cikin 100, ko turjiyarta ta ninka, ko da na'urar tana ci gaba da kamawa.

Busasshiya kuwa tata hanyar daban ce. Duk lokacin da wuta ta yi tsalle ta huda ledar, shafen ƙarfen da ke kewaye da hudar yakan ƙone ya rufe wurin, aiki ya ci gaba. Sai dai kowace huda tana cinye wani yanki na ƙarfinta. Fankar sama yawanci tana amfani da mai kimanin maikurofarad 2.5. Idan ta zaizaye ta koma ƙasa da haka sosai, sai fankar ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, ko ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda. Mutane da yawa sukan kai irin wannan fanka a sake mata naɗin waya, alhali ciwon yana ga kafasita.

Ƙa'idar digiri goma

A 1889 masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1903, ya fitar da lissafin da ke nuna yadda zafi ke hanzarta sauyin sinadarai. Daga wannan lissafi masu ƙera kafasita mai ruwa suka ciro wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk ƙarin digiri 10 na zafi a ma'aunin Salshiyas yana raba tsawon ranta biyu, duk ragin digiri 10 kuma yana ninka shi.

A jikin kowace kafasita mai ruwa akwai lambobi uku: yawan maikurofarad, iyakar bolt ɗin da take ɗauka, da iyakar zafi, wanda galibi 85 ne ko 105. A takardar bayanin kamfani kuma akan rubuta awoyin da za ta yi a wannan iyakar zafi. Awa 2,000 shi ne adadin da aka fi gani a na gama-gari, akwai kuma masu awa 5,000 har zuwa 10,000.

A ɗauki misalin mai shagon cajin waya da POS a Tsafe, wanda inbatarsa ba ta hutawa dare da rana. A ƙaddara zafin shagon ya kai digiri 40, cikin akwatin inbatar kuma, inda sassa ke fitar da nasu zafin, ya kai 65. Idan kafasitar mai lamba 105 ce ta awa 2,000, tazarar da ke tsakanin 105 da 65 digiri 40 ce, wato goma sau huɗu. Sai a ninka 2,000 har sau huɗu: 4,000, 8,000, 16,000, 32,000. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka awa 32,000 ta kai shekara uku da wata bakwai zuwa takwas.

Idan kuwa mai lamba 85 ce a wannan wuri, tazarar digiri 20 ce kawai, ninki biyu ke nan, awa 8,000, abin da bai wuce wata goma sha ɗaya ba. Na'ura iri ɗaya, shago ɗaya, amma bambancin lamba guda a jikin kafasita ya mayar da kusan shekara huɗu zuwa ƙasa da shekara.

Idan aka kulle inbatar a lungu babu iska, ƙarƙashin rufin kwano, har cikinta ya kai digiri 75, mai lamba 105 za ta dawo awa 16,000, kimanin wata 22, mai lamba 85 kuma awa 4,000, wata biyar da rabi. Idan aka yi akasin haka, aka samar mata da iska har cikinta ya sauko 55, mai lamba 105 za ta kai awa 64,000, fiye da shekara bakwai.

Gaskiya ne zafin Zamfara ba ya tsayawa a 40 duk shekara, damina da hunturu suna sassautawa. Amma lissafin ya nuna cewa awa ɗaya a digiri 75 daidai take da awa huɗu a digiri 55. Ma'ana, watanni ukun bazara suna cin kaso mafi tsoka na rayuwar na'ura. Sannan komai sanyin wuri, masu ƙerawa ba sa yarda a ɗora lissafin sama da kimanin shekara 15, domin robar toshin ita ma tana tsufa.

Ga busasshiya ta injin juyawa, ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60252 ta kasa ta aji-aji bisa tsawon aiki: ajin A awa 30,000, ajin B awa 10,000, ajin C awa 3,000, ajin D awa 1,000. Akan buga harafin ajin ko adadin awoyin a jikin masu inganci. Manomin rani ko mai sayar da ruwa a Bungudu da ya saya wa injinsa ta ajin C, idan yana aiki awa takwas kullum, to awa 3,000 ba za ta wuce shekara ɗaya da 'yan kwanaki ba.

Abin da ke ƙara wa zafi ƙarfi

Zafin rana ba shi kaɗai ke aiki ba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska da 'yar fankar da ke cikin inbata da kwamfuta, ta kwanta a kan allon kamar bargo. Na'urar da ta sha ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba a kakkaɓe ta ba, ta shiga bazara ne da numfashinta a toshe.

Na biyu shi ne rashin daidaiton wuta. Zamfara na cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna ke kula da su, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, kuma kamar sauran sassan ƙasar, gidaje da shaguna suna sauyawa ne tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola. Idan wuta tana bolt 230, babbar kafasitar da ke bakin shigar wuta a talabijin ko kwamfuta takan cika har kusan bolt 325, alhali iyakar yawancinsu 400 ne ko 450. Idan janareta ya yi tsalle ya kai 280, abin da ke kanta ya kusa 396, ta isa bakin iyakarta ke nan. Tsawar damina ma takan aiko da irin wannan tsalle ta cikin waya.

Na uku shi ne lodi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da kuma duhun da yawancin jihohin Arewa suka shiga na kwanaki a Oktoban 2024 sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta, jama'a da dama sun koma ga sola. Inbatar da aka saya don fitila da fanka, yanzu ita ke ɗaukar firji da injin ruwa. Yawan lodi yana ƙara wutar da ke shiga da fita a kafasita, wannan kuma zafi ne daga ciki wanda ma'aunin zafin ɗaki ba zai nuna ba. Faifan sola akan ba shi garantin shekara 25, amma ba a sa ran inbata ta kai haka, kuma kafasita na cikin manyan dalilai.

Na huɗu shi ne ajiya. Kafasita mai ruwa tana lalacewa ko ba a amfani da ita, domin siririn rufin da ke jikin alminiyam ɗin yana raunana idan ta daɗe wuta ba ta ratsa ta ba. Wannan ya shafi kwamfutocin da ake jibgewa a sito na shekaru kafin a raba, da kayan tokumbo da ba a san tsawon aikin da suka yi ko zaman da suka yi a ajiye ba.

Darasin annobar kafasita

Lissafin digiri goma yana aiki ne idan lambar da ke jikin kafasita gaskiya ce. Duniya ta ga abin da kan faru idan ba haka ba. Daga wajen 1999 zuwa 2007, kafasitoci masu gurɓataccen ruwan sinadari, waɗanda aka danganta yawancinsu da wasu masana'antu a Taiwan, sun bazu cikin kwamfutoci da talabijin a faɗin duniya. Maimakon su bushe a hankali, sai su tara iskar gas a ciki, su kumbura, su fashe tun ba su yi nisa ba. Masu sana'ar suka raɗa wa lamarin suna annobar kafasita.

A cikin wannan zamani ne kamfanin Dell na Amurka ya ware dala miliyan 300 a 2005 domin gyara da musanya kwamfutocinsa. Takardun kotu da jaridar New York Times ta bayyana a Yunin 2010 sun nuna cewa aƙalla kwamfutoci miliyan 11.8 da kamfanin ya fitar tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 suna cikin haɗarin lalacewa saboda kafasitoci masu matsala.

Idan babban kamfani mai ɗakunan gwaji ya faɗa wannan rami, to ƙaramin mai gyara da ke sayen kafasita a warwatse ya fi kusa da shi, musamman da yake akwai jabu masu ɗauke da sunayen sanannun kamfanoni. Araha dai ba ta ado.

Alamomi da awo

Kafasita mai ruwa tana da tsaga a samanta, mai kama da alamar giciye ko harafin K, wadda aka yi domin ta buɗe a nan idan iska ta taru maimakon ta tarwatse. Idan saman ya kumbura, ko aka ga busasshen ruwa mai launin ƙasa-ƙasa a kai ko a gindinta, to ta gama. Sai dai da yawa sukan bushe ba tare da kumburi ba, don haka ido kaɗai ba ya isa.

Na'urar kanta tana ba da sanarwa. Talabijin ko dikodar da ke jinkirin kamawa da sanyin safiya amma ta yi daidai idan ta ɗumama, rediyon da ke gunji a ƙarƙashin sauti, kwamfutar da ke kashe kanta tana sake tashi, ƙwan fitila mai ƙyaftawa, duka alamu ne da ke nuni ga kafasita mai rauni.

Tabbaci yana ga awo. Mitar da yawancin masu gyara ke riƙewa tana iya nuna yawan maikurofarad, wanda ya wadatar ga ta fanka da ta injin ruwa, domin yawancinsu ba a yarda su kauce wa lambarsu da fiye da kashi 5 cikin 100 ba tun daga masana'anta. Ga mai ruwa kuwa, mitar ESR ta fi faɗin gaskiya, domin turjiya takan fara hawa tun kafin maikurofarad ya faɗi sosai. Awo ɗaya yana nuna halin da ake ciki yau. Awon da aka rubuta aka maimaita bayan wata shida shi ke nuna inda aka dosa, kuma wannan shi ne ainihin hasashe. Manyan masana'antu a yau suna sa na'urori masu lura da zafi da turjiya a kowane lokaci, amma tushen dabarar bai wuce wannan ba.

Dole a yi gargaɗi a nan: kafasita tana riƙe wuta bayan an zare na'ura daga soket. Ta cikin talabijin da inbata tana iya jefar da mutum, ta cikin na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa, mai ɗaukar kusan bolt 2,000, tana iya kisa. Buɗe na'ura aikin wanda ya koya ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Iyakar hasashen

Lissafin ba ya faɗin ranar da wata kafasita guda za ta mutu. Abin da yake bayarwa shi ne lokacin da ya kamata a fara sa ido, kamar yadda direba ya san tafiyar da taya ke yi kafin a canza ta ko ba ta fashe ba. Injiniyoyi sun lura cewa lalacewar kayan lantarki tana da zango uku: masu aibun ƙira sukan mutu da wuri, sai dogon zango na kwanciyar hankali, sannan zangon tsufa inda mutuwa ke yawaita. Garanti yana rufe zangon farko ne kawai. Zango na uku nauyin mai kaya ne.

Abin da ya rage ga mai kaya

Ga ɗan kasuwa, mafi arhar magani shi ne iska. A ɗaga inbata da sitabilaiza daga ƙasa, a nisanta su daga bango da rufin kwano da hasken rana, kada a lulluɓe su da ƙyalle suna aiki, a kuma sa a kakkaɓe ƙurar cikinsu a ƙarshen hunturu kafin zafi ya sauka. Idan za a canza kafasita, a nemi mai lamba 105, mai maikurofarad daidai da ta asali, mai bolt daidai ko sama da nata. Idan ɗaya ta kumbura a jere, 'yan uwanta da suka sha zafi ɗaya su ma sun kusa, gara a canza su tare. Mai firjin ƙanƙara ko injin ruwa a Tsafe da Bungudu, wanda matsalar tsaro a hanyoyin jihar ta sa neman kayan gyara daga Gusau ko Kano ya zama aiki, ajiye busasshiyar kafasita guda a shago zai iya cece shi daga asarar cinikin kwanaki.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman masu kula da sayen kaya da sito a ma'aikatun da ke Gusau da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, lissafin yana da amfani tun daga takardar kwangila. Ana iya sharɗanta iyakar zafin da na'ura za ta jure, a buɗe rajistar ranar da aka kafa kowace inbata da awoyin aikinta, a sa awon kafasita cikin kasafin kula da kaya na shekara, a kuma daina barin sababbin kwamfutoci suna tsufa a kwali. A asibitocin karkara, inda firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa suka dogara da inbata, wannan rajista ta wuce batun tattalin kuɗi.

Jihar tana da cibiyoyin da za su iya taimakawa, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Kwalejin Abdu Gusau da ke Talatar Mafara. Idan ɗalibansu suka haɗa kai da masu gyara wajen auna zafin cikin na'urori a bazara da rubuta shekarun kafasitocin da ake cirewa, za a samu alƙaluman da suka dace da yanayin Zamfara, maimakon dogaro da waɗanda aka tsara a ƙasashe masu sanyi.

Kafin a kai ga haka, lambobi ukun da ke jikin kafasita da ƙa'idar digiri goma sun isa su nuna wa mai kaya lokacin da ya kamata ya kira mai gyara, tun na'urar tana aiki.